Abin da Idon Iliyasu Ya Gani

Tun yana yaro aka yi wa Iliyasu Gambo shaidar sakaci a gidansu. Mahaifinsa, Gambo mai lambu, yana da fili a fadama, bayan garin Matameye, inda yake noman tumatir da tattasai da ɗan rake a gefe. Idan lokacin tsinka ya zo, kowane ɗa a gidan sai ya ɗauki kwando. Ƴan'uwansa mata su cika nasu da nunannu zalla, shi kuwa nasa kullum a gauraye yake, nunanne da ɗanye. Gambo ya yi faɗa har ya gaji, ya koma duka.

"Wannan fa?" in ji shi, yana ɗaga tumatir ɗaya a gaban hancin yaron. "Ba ka ga kore ne shar ba? Ina hankalinka yake tafiya?"

Iliyasu ya duba, ya ga tumatir kamar sauran. Ya ce a yi haƙuri. Daga baya ya koyi matsa su da yatsa, mai laushi ya tsinka, mai tauri ya bari, sai matsar ta riƙa ɓata su kafin a kai kasuwa. Wannan ma ya sha duka a kansa.

Bai taɓa yi wa kowa bayani ba, don bai san akwai abin bayani ba. A ganinsa ja da kore sunaye biyu ne na abubuwa masu kama da juna, waɗanda sai mai lura sosai yake rabewa. Ya haddace su kamar karatu: ganye kore ne, jini ja ne, tutar ƙasa ruwan goro ce a sama, kore a ƙasa, ko da yake in ya ɗaga kai a filin lakwal, wato makarantarsu, bai ga wani bambanci mai yawa tsakanin saman da ƙasan ba. Ya ɗauka kowa haka yake haddacewa, sai dai wasu sun fi shi riƙewa.

A lissafi kuwa babu mai kama shi. Shi ya ɗauke shi daga firamare zuwa kolej, daga kolej zuwa lise, babbar sakandare, shi kaɗai a ƴaƴan Gambo. Burinsa ya yi aikin gwajin jini a asibiti.

A shekararsa ta farko a lise aka kawo musu sabuwar malamar kimiyya daga Damagaram, Madam Anisa, gajeriya mai saurin magana. Ɗakin gwajin makarantar yana nan, amma famfunansa sun bushe, kwalaben da ke cikin kabad ɗin kuma yawancinsu sai suna a jiki. Madam Anisa ba ta tsaya kuka da wannan ba. Daga madafinta take kwaso kayan aiki: gishiri, toka, lemon tsami, kanwa, kofunan shayi na gilashi. Kuma kowane gwaji sai an rubuta masa rahoto.

"Rahoto ba waƙa ba ne," take ce musu. "Ka faɗi tambayarka, ka faɗi abin da kake zato, ka faɗi abin da ka yi yadda wani a Kance zai iya maimaita shi ba tare da ya kira ka a waya ba. Sannan abin da idonka ya gani. Idonka, ba littafi ba, ba maƙwabcinka ba. Abin da ka fahimta kuma wurinsa daban, a ƙarshe. Wanda ya cakuɗa min gani da fahimta zai sake rubutu."

Maganar ta shiga Iliyasu. Tun da yake, ba a taɓa ce masa abin da ya gani yana da daraja ba.

Wata Talata ta zo da ruwan soɓorodo a gora, ta sirka shi da ruwa har ya yi haske. Ta raba ajin bibbiyu. Iliyasu ya faɗa tare da Najaha, ɗiyar wani tela a bakin tasha, yarinya marar ɓoye abin da ke bakinta. Aikin shi ne a zuba soɓorodo a kofi biyu, a ɗiga lemon tsami a ɗaya, ruwan kanwa a ɗaya, a rubuta abin da ya faru. Da aka ɗiga kanwar sai aji ya ɗauki surutu, wasu har da miƙewa tsaye. Iliyasu ya leƙa nasu kofin, ya leƙa na teburin gaba, bai ga abin surutu ba. Da can sai ya saci kallon takardar Najaha ya kwafa. Ranar ya tuna da maganar Madam, ya rufe gefen takardarsa da hannu, ya rubuta da Faransancinsa mai tsabta cewa ruwan da aka sa wa kanwa ya ɗan ƙara duhu, amma launinsa bai canza ba.

Da ta dawo da takardun, tasa ta riƙe a hannu.

"Iliyasu Gambo, ka zuba kanwar kuwa?"

"Na zuba, Madam."

"Najaha ta rubuta ya koma kore. Kofi ɗaya kuka duba. Wasa kake yi da ni?"

Aji ya yi dariya. Ya ce ba wasa yake ba, abin da ya gani ya rubuta, kamar yadda ta ce. Ta dube shi, ta ce ya tsaya bayan an tashi, shi da Najaha.

Ta sake haɗa ruwan a gabansu. Ta ƙara wa mai duhun ruwa kaɗan har haskensu ya zo ɗaya, ta sa ya juya baya, ta sauya musu wuri a kan tebur.

"Juyo. Wanne ne ja?"

Ya duba. Kofi biyu ne na ruwa iri ɗaya, kalar ruwan kududdufi. Ya matso, ya ɗaga su wajen taga, ya ajiye. Ya nuna na dama.

Najaha ta sa hannu a baki. Ba dariya take ba, kuma wannan ne ya tsorata shi. Kallonsa take kamar wanda ya taka wuta bai ji ba.

"Iliyasu," ta ce a hankali, "wannan da wancan, kamar dare da rana suke fa."

"Kamar dare da rana?"

"Wallahi."

Ya zauna a kan benci ba tare da an ba shi izini ba. Ashe ba haddacewa mutane suke yi ba. Ashe akwai wani abu a cikin kofin nan, a fili, wanda yarinyar nan take gani, Madam take gani, aji duka ya miƙe tsaye saboda shi, shi kuwa babu shi a duniyarsa. Ya dubi bishiyar dogon yaro ta taga, ya dubi jar ƙasar filin, ya rasa wanne daga cikinsu ya taɓa gani yadda yake.

"Madam, mene ne ya same ni?"

"Ina da zato," in ji ta, "amma zato ne, kuma ba zan ba ka shi ba tukuna. Rahotonka ba ƙarya ba ne, na janye jan birona. Mutum biyu sun dubi kofi ɗaya sun ga abu biyu. Wannan tambaya ce, kuma taka ce. Je ka bincika, ka kawo min a rubuce."

A hanyar gida ya ji haushinta ƙwarai. Mutum yana cikin tashin hankali a ba shi aikin gida. Amma da ya kwana biyu sai ya ga aikin ne kaɗai abin da yake hana shi zama ya yi ta kallon bango.

Zatonsa na farko haske ne, don teburinsu yana lungu. Ya maimaita gwajin a tsakar rana a fili, bai ga canji ba. Ya ce ko yunwa ce, don ba ya karyawa kafin ya fito. Ya sha koko ya ƙoshi ya sake, haka nan. Ya so ya bar waɗannan biyun daga cikin rahoton tunda ba su kai shi ko'ina ba, Madam ta ce a'a, zaton da ya faɗi shi ma sakamako ne, a rubuta shi.

Najaha ce ta kawo shawarar zare. Ta kwaso ƙullin zaren ɗinki kala-kala daga shagon babanta, ta ce ya ware su, ja gefe, kore gefe, shuɗi gefe. Ya ware su daidai, har ya fara murna. Ita ce ta ɓata masa murnar.

"Tsaya. Lambar da ke jikin ƙullin kake karantawa. Na ga idonka."

Gaskiya ta faɗa, kuma shi kansa bai san yana yi ba. Shekara da shekaru idonsa ya saba neman wata alama a gefe. Suka yanke zaren guntu-guntu, tsawo ɗaya, suka zube a kan farin ƙyalle. Shuɗi da rawaya bai kuskure ko ɗaya ba. Ja da kore da ruwan ƙasa kuwa ya tara su wuri guda, yana rantsuwa iri ɗaya ne. Suka gwada ƴan ajinsu don a sami abin kwatantawa, kowa ya ware cikin ƙiftawar ido, wasu suna tambaya ko akwai wata dabara a ciki, don abin ya yi musu sauƙi da yawa.

Rahoton da ya kai ya dawo masa da layi a ƙarƙashin jimla biyu. A wurin abin da aka gani ya rubuta cewa idonsa ya lalace. A ƙarshe kuma ya rubuta cewa dukan da ya sha yana yaro ne ya jawo.

"A ina ka ga lalacewa?" in ji Madam. "Ka ga zare, ka ga inda ka ajiye shi. Shi za ka rubuta. Lalacewa kuma tana nufin da can lafiya lau yake. Ka san haka?"

"Ban sani ba."

"Dukan fa, ka gwada shi?"

"Ba a iya gwada shi, Madam."

"To, ba shi da wuri a nan. Na san yana da wuri a zuciyarka, wannan daban. Ka tambayi abin da za a iya gwadawa. Kai kaɗai ne a danginku?"

Haka zaren ya shiga gidan Gambo. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shimfiɗa farin ƙyallen a tsakar gida, ya ce aikin makaranta ne. Ƴan'uwansa mata suka ware suna dariya. Mahaifiyarsa Halima ta ware da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ludayi. Gambo ya ce shi ba yaro ba ne, amma ya tsuguna ya ware, daidai. Sai Halima ta ce ai shi mai aikin bai yi ba.

Iliyasu ya yi. Ya tara ja da kore wuri guda.

"Sake," in ji Gambo.

Ya sake. Gambo ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da hulunansa biyu, ya ajiye a gabansa. Iliyasu ya ce shi dai ya san ɗaya ta Juma'a ce saboda aikin da ke jikinta, amma kalarsu ɗaya. Gambo ya aika aka ɗebo tattasai daga buhu, ya jera, ya hana shi taɓawa. Ya tambaye shi, ya sake tambaya, muryarsa tana ƙara yin ƙasa.

"Ran Layya, in na yanka rago, me kake gani yana zuba?"

"Abu mai duhu, Baba. Kamar ruwan rini."

Halima ta ajiye ludayin. Ta kama gefen zanenta ta ce, "Wannan da ka ce min ya yi kyau ran sunan gidan Garba?"

"Zanen furannin ne ya yi min kyau, Inna."

Gambo ya daɗe a tsugune yana juya tattasai ɗaya a hannunsa. Iliyasu bai taɓa ganin fuskar mahaifinsa haka ba, kamar wanda aka gaya wa rasuwa. A ƙarshe ya ce, "Tun yaushe?" Iliyasu ya ce shi bai san wani lokaci da ba haka yake ba. Gambo ya ce innalillahi, ya miƙe ya fita, bai ci abincin ranar ba. Bai taɓa ba shi haƙuri da baki ba, ba irinsa ba ne. Amma washegari a lambu ya karɓe kwandon daga hannunsa ya ba shi tiyo, ya ce daga yau ban ruwa ne aikinsa. Kuma daga ranar bai ƙara ɗaga wa wani yaro hannu a gidan ba.

Saura mutum ɗaya. Kawu Shekara, wan Halima, ya dawo daga cin rani a Kano ana gab da shuka. Mutum ne mai shiru, ya haura hamsin, shayi yake sayarwa a can. Kowa a dangi ya san labarinsa: yana saurayi ya koyi ɗinki, hannunsa ya fi na kowa kyau, amma duk shagon da ya shiga sai a kore shi, don sai ya ɗinke rigar mutane da zaren da bai dace ba, ya kuma tsaya yana musu. Dangi suka yanke cewa sammu aka yi masa don a raba shi da sana'a. Ya sha rubutu, ya yi turare, ya je wurin masu magani har Ɗan Barto da gaba, a ƙarshe ya sayar da keken ɗinkinsa. Har da wani abokinsa da ya zarga, suka yi shekaru ba sa gaisawa har mutumin ya rasu.

Iliyasu ya shimfiɗa masa ƙyallen ba tare da ya yi masa bayani ba, kamar yadda aka koya masa, don kada bayanin ya shiga cikin sakamakon. Shekara ya ware da saurin tsohon tela. Ja da kore da ruwan ƙasa suka taru wuri guda, kusan yadda na Iliyasu suka taru.

Iliyasu ya dubi tarin, a idonsa daidai yake, babu kuskure ko ɗaya. Karo na farko ke nan da wani ya ga abin da yake gani.

"Na ci?" in ji Shekara.

"A wurina ka ci, Kawu. A wurin sauran mutane mu biyu mun faɗi."

Ya yi masa bayani, Halima tana tsaye tana gaskatawa. Shekara ya ɗauki guntun zare biyu, ya kai su kusa da ido, ya nisanta su.

"Halima, ki ji tsoron Allah. Waɗannan ba ɗaya ba ne?"

"Yaya, wannan ja ne, wannan kore."

"Ke nan mutanen nan gaskiya suke faɗa. Duk shekarun nan gaskiya suke faɗa. Shi kuma Yunus babu abin da ya yi min."

Yunus shi ne abokin da ya rasu. Shekara ya zauna riƙe da zaren har aka kira la'asar, sannan ya tashi ya yi alwala. Bayan salla aka ga ya nufi unguwar su marigayin, wurin ƴaƴansa. Abin da ya ce musu bai gaya wa kowa ba.

Rahoto na uku shi Madam Anisa ta karɓa. Iliyasu ya rubuta wanda aka gwada da yadda aka gwada shi, ya rubuta abin da kowa ya yi da zaren, ba ƙari. A wurin fahimta ya ce mutum biyu, shi da wan mahaifiyarsa, ba sa raba ja da kore, mahaifinsa da mahaifiyarsa suna rabawa, don haka yana yiwuwa gado ne ta wajen uwa, amma gida ɗaya bai isa a tabbatar ba. Kalmar "yana yiwuwa" ta zagaye da biro ta rubuta "madalla" a gefe. Sai a lokacin ta gaya masa zatonta, ta buɗe masa littafi ta nuna masa cewa abin sananne ne, maza ya fi kamawa, mata kan ɗauke shi su miƙa wa ƴaƴansu ba tare da ya taɓa su ba. Ya yi mamakin ganin rayuwarsa da ta kawunsa a cikin rabin shafi.

Da hutu ya je Damagaram wurin likitan ido, aka nuna masa wani littafi mai ɗigo-ɗigo aka ce ya karanta lambobin da ke ciki. Shafi bayan shafi bai ga lamba ba. Likitan ya ce haka aka haife shi, ba ya ƙaruwa, ba ya warkewa, kuma ya yi tunani sosai kafin ya nemi aikin gwajin jini, don launi ne rabin aikin. Wannan ta fi komai yi masa ciwo. Daga nan karatunsa ya yi baya, har ya faɗi bak, jarrabawar gama lise, a karon farko. A na biyu ya samu.

Yanzu yana aiki da ofishin noma, yana zagaya ƙauyukan Kance a kan babur. Shi yake auna ruwan sama, yana ƙirga irin geron da ya tsiro da wanda bai tsiro ba, yana auna nauyin damma a gonakin gwaji. In manomi ya ce ganyen wakensa ya sauya kala, sai ya ce masa kai tsaye, "Ni ba na ganin wannan, faɗa min yadda yake," ya rubuta cewa mai gona ne ya faɗa. Abokan aikinsa sun ce rahotonsa ba shi da daɗin karatu, amma nasa ake nema in an yi gardama.

Ya auri wata malamar firamare, Jamila. Tun kafin a kai gaisuwa ya gaya mata, har da zancen gado, ta ce ta ji. Ita take zaɓa masa yadi. Wata rana suna cin abinci ya ce ta kwatanta masa ja, ba ta nuna masa abu ja ba, ta faɗa masa yadda yake. Ta ajiye cokali ta fara. Ta ce kamar zafi, sai ta ce a'a, ba haka ba. Ta ce kamar abin da yake kiran mutum daga nesa, ta sake janyewa. Ta daɗe tana neman kalma, malama guda, har abincin ya huce.

"Ban iya ba," ta ce daga ƙarshe, tana mamakin kanta. "Kullum ina ganinsa, amma ban iya ba."

Ya ce ba komai, ta miƙo masa yaji.